François Goguel: Amsoshin Tambayoyin da Ɗaliban Kimiyyar Siyasa Suka Fi Yi a Kansa

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyyar siyasa aka kai darasin zaɓe a Faransa, ko darasin yadda kotun tsarin mulki take taka wa majalisa burki, sai ya yi karo da sunan François Goguel. Ɗalibai sukan rubuta sunan su wuce, sai jarrabawa ta ƙarato su dawo da tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Ga su nan na tara, na amsa gwargwadon abin da na karanta a kansa. Mutum ne da nake ganin girman aikinsa, ba zan ɓoye wannan ba.

Wane ne François Goguel a taƙaice?

Bafaranshe ne da aka haifa a Paris a 1909, ya rasu a 1999 yana da shekara 90. Gidan ilimi ya fito. Mahaifinsa, Maurice Goguel, babban malamin addinin Kirista ne na ɗariƙar Furotesta, ɗan'uwansa Jean kuma masanin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa ne. Shi François shari'a da siyasa ya karanta, ya kama aiki a Majalisar Dattawan Faransa a 1931 yana ɗan shekara 22.

Daga nan rayuwarsa ta bi hanya biyu a lokaci guda. A gefen gwamnati, ya zama Babban Sakataren Majalisar Dattawa daga 1954 zuwa 1971, sannan mamba a Majalisar Tsarin Mulki, wato kotun tsarin mulki ta Faransa, daga 1971 zuwa 1980. A gefen ilimi, ya koyar a makarantar kimiyyar siyasa ta Paris da ake kira Sciences Po, ya rubuta littattafai kan jam'iyyu da zaɓe, ya kuma shugabanci gidauniyar makarantar daga 1971 zuwa 1981.

Sanata ne shi, ko ma'aikaci?

Ma'aikaci ne, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Ba a zaɓe shi ya wakilci kowa ba, ba ya ɗaga hannu idan ana ƙuri'a a zauren. Majalisun Faransa suna da ma'aikatansu na dindindin, waɗanda ba sa ƙarƙashin ministoci. Sanata ya zo ya tafi, su suna nan. Su ne masu shirya jadawalin zama, masu jera gyare-gyaren da aka kawo wa ƙudurin doka domin a san wanda za a fara tattaunawa, masu riƙe tarihin yadda aka warware kowace taƙaddama a baya.

Babban Sakatare shi ne uban wannan tawaga. Idan ka kalli zaman majalisar a mazauninta, fadar Luxembourg da ke Paris, za ka ga wasu mutane zaune daf da shugaban zama, a bayansa kaɗan. Da gardama ta tashi kan ƙa'ida, sai ka ga shugaba ya ɗan karkata kansa, an raɗa masa magana ko an miƙo masa 'yar takarda, sai ya juyo ya yanke hukunci. Wannan raɗar ita ce sana'ar da Goguel ya ƙware a kanta. Tun 1937 ma ya fitar da bincike kan rawar da Majalisar Dattawa take takawa a harkar kuɗin gwamnati, wato gidan da yake aiki shi ya fara mayarwa abin nazari.

Wani abu da za a kiyaye: a 1954 sunan majalisar ba Majalisar Dattawa ba ne. Tsarin mulkin 1946 ya rage mata ƙarfi ya kira ta Majalisar Jamhuriya. Tsarin mulkin 1958 ne ya maido mata da sunanta.

Da gaske ne a gidan fursuna ya rubuta babban littafinsa?

Gaskiya ne, amma fursunan yaƙi. Sa'ad da Jamus ta murƙushe sojan Faransa a 1940, Goguel yana cikin waɗanda aka kama, kuma bai dawo gida ba sai 1945. A wannan zaman ne ya rubuta *La politique des partis sous la IIIe République*, wato siyasar jam'iyyu a Jamhuriya ta Uku, aka buga shi a 1946.

Yanayin rubutun yana da muhimmanci wajen fahimtar littafin. Jamhuriya ta Uku ta rayu shekara 70, daga 1870 zuwa 1940, ta rushe cikin 'yan makonni. Mutumin da ya yi shekara tara yana kallon sanatocinta ido da ido, yanzu yana bayan waya mai ƙaya yana tambayar kansa abin da ya kai ƙasarsa ga wannan faɗuwa. Ba shi da babban ɗakin karatu da zai riƙa duba kowace magana. Ina ganin shi ya sa littafin bai nutse cikin sunayen gwamnatoci da ranakun faɗuwarsu ba, ya tafi neman jijiyar al'amarin.

Mene ne "ɓangaren tsari" da "ɓangaren motsi" da ake jingina masa?

Wannan ita ce jijiyar da ya ce ya gano. A Jamhuriya ta Uku jam'iyyu da ƙungiyoyin majalisa suna da yawa, sunayensu suna ruɗarwa, wata ma tana ɗauke da sunan hagu, wato ɓangaren masu neman sauyi, alhali a dama, ɓangaren masu ra'ayin riƙau, take zaune. Goguel ya ce a daina bin suna. A ƙarƙashin wannan hayaniya, halayya biyu ce kawai take fafatawa: masu son a riƙe tsarin da aka tarar, na dukiya da coci da iko, da masu son a ture shi gaba. Na farko ya kira su *parti de l'Ordre établi*, na biyu *parti du Mouvement*.

Abin da ya sa wannan rabon ya yi amfani shi ne yana bayyana yadda jam'iyya take sauya wurin zama ba tare da ta sauya suna ba. Jam'iyyar da ta kasance ta motsi jiya, idan ta samu abin da take nema, sai ta koma mai gadinsa, wata sabuwa ta ɓullo ta hagunta. 'Yan jamhuriya masu sassauci sun yi haka, 'yan jam'iyyar Radikal sun biyo baya sa'ad da 'yan gurguzu suka yi ƙarfi. Ya kuma lura cewa duk da wannan jujjuyawa, nauyin ɓangarorin biyu a akwatin zaɓe bai cika nisa da juna ba, kuma yankuna da yawa suna nan a ɓangarensu tsara bayan tsara. Wannan ne ya kai shi ga taswira, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan taswirar zaɓe.

Babu wanda ya musanta wannan rabo?

An musanta, kuma da hujja. A 1954 masanin tarihi René Rémond ya fitar da littafinsa kan masu ra'ayin dama a Faransa, inda ya nuna cewa su ba abu ɗaya ba ne, gida uku ne masu asali daban: masu kewar tsohuwar sarauta, masu sassaucin ra'ayi na 'yan kasuwa da majalisa, da masu son shugaba mai ƙarfi da ke magana da talakawa kai tsaye irin na gidan Napoléon Bonaparte. Idan aka cusa su duka cikin buhu ɗaya aka rubuta "tsari" a kai, an ɓatar da abin da yake raba su. Masanin siyasa Maurice Duverger kuma, a littafinsa na 1951 kan jam'iyyu, ya karkata ga yadda ake gina jam'iyya da yadda dokar zaɓe take ƙayyade yawansu.

A ganina rabon Goguel ma'auni ne na farko, irin tiyar da ake fara auna hatsi kafin a zo tankaɗe. Ɗalibin da ya tsaya a kansa kaɗai zai rasa inda zai ajiye Janar Charles de Gaulle, shugaban Faransa daga 1959 zuwa 1969, wanda ya rushe tsarin mulki guda ya gina wani, amma yawancin masu zaɓensa mutanen tsari ne. Rémond ɗin nan kuwa shi ya gaji Goguel a shugabancin gidauniyar Sciences Po a 1981.

Mece ce taswirar zaɓe, kuma shi ya ƙirƙiro ta?

Ba shi ba ne. Uban wannan fanni André Siegfried ne, wanda a 1913 ya fitar da nazarin siyasar yammacin Faransa. Misalinsa da ya fi shahara daga yankin Vendée yake. Inda ƙasa take da dutse mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, ruwa yana samuwa ko'ina, sai gidaje su warwatsu, manyan masu gonaki da limaman coci su riƙe mutane, ƙuri'a ta tafi dama. Inda farar ƙasa ce mai shanye ruwa, dole jama'a su taru kusa da rijiya, ƙauye ya dunƙule, ƙananan manoma masu gonar kansu su yawaita, ƙuri'a ta tafi hagu. Duk wanda ya san yadda rijiya take kafa gari a ƙasarmu ba zai sha wuyar gane wannan ba. Sai dai a kiyaye, Siegfried bai ce dutse ne yake jefa ƙuri'a ba. Dutse yana tsara zama, zama yana tsara wanda ake jin maganarsa.

Littafin Siegfried ya daɗe ba a bi sawunsa ba. Goguel ne ya farfaɗo da hanyar bayan yaƙi, ya shimfiɗa ta kan ƙasar baki ɗaya. A 1951 ya fitar da *Géographie des élections françaises de 1870 à 1951*, taswira bayan taswira, gunduma bayan gunduma. Daga nan ya mayar da abin al'ada: duk zaɓen da aka yi sai ya zauna ya feɗe shi a rubuce. An tattara waɗannan rubuce-rubuce a juzu'i uku a farkon shekarun 1980 da sunan *Chroniques électorales*.

A aikace, yaya ake yin irin wannan nazari?

Na taɓa sa wasu ɗalibai su gwada da hannu, ba kwamfuta. Muka shimfiɗa taswirar Faransa mara rubutu a kan tebur, kowa da fensir da jerin sakamakon zaɓe biyu masu tazarar shekaru. Gundumar da jam'iyya ta yi ƙarfi a cika ta da baƙi, inda ta yi matsakaici a ja layuka, inda ta yi rauni a bar ta fara. Wata ɗaliba ta gama ta biyu, ta ɗora ta kan ta farko ta ɗaga su wajen taga, haske ya ratso. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai wuraren nan ba su motsa ba." Abin da ake so ɗalibi ya gani da idonsa ke nan kafin a ba shi bayani.

Darasi na biyu da na ɗauka daga wannan makaranta shi ne lissafin kaso. Idan ka auna ƙuri'un jam'iyya da yawan waɗanda suka fito zaɓe kawai, za ka iya cewa ta ƙaru alhali abokan hamayyarta ne suka zauna a gida. Auna su da yawan waɗanda suka yi rajista, sai waɗanda ba su fito ba su ma su bayyana a lissafi. Ƙin fita zaɓe shi ma magana ce. Bayan an gama wannan ne ake ɗauko taswirar zuwa coci, ta masana'antu, ta girman gonaki, a ɗora a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Inda suka saɓa ɗin nan ne bincike yake farawa.

An ce yana son de Gaulle. To yaya ya yi aiki a majalisar da ta fi kowa adawa da de Gaulle?

Wannan ce tambayar da na fi so. Shugaban majalisar da Goguel ya fi daɗewa yana yi wa aiki shi ne Gaston Monnerville, baƙar fata ɗan asalin Guyane, yankin Faransa da ke Kudancin Amurka, wanda ya riƙe kujerar daga 1947 zuwa 1968. A 1962 de Gaulle ya nemi a riƙa zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, ya kai maganar ga ƙuri'ar raba gardama ba tare da ya bi ta majalisa ba. Monnerville ya fito fili ya kira wannan cin amanar tsarin mulki. Jama'a suka amince da de Gaulle a watan Oktoba na shekarar, dangantakar gwamnati da Majalisar Dattawa ta yi tsami, har manyan ministoci suka yi shekaru suna ƙaurace wa zauren. A 1969 de Gaulle ya sake kiran ƙuri'ar raba gardama, wannan karon har da shirin rage wa majalisar ƙarfi. Ranar 27 ga Afrilu ya sha kaye, ya sauka, shugaban majalisar na lokacin, Alain Poher, ya riƙe ƙasa na wucin gadi.

Duk wannan guguwa Goguel yana kan kujerarsa. Kuma shi ne wanda ya yi wa tarin jawaban de Gaulle, *Discours et messages*, bayanan ƙasan shafi da aka buga su a 1970. Mutum ya riƙe amanar gidan da yake rigima da gwaninsa, shugabannin gidan biyu su ci gaba da jingina da shawararsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ra'ayinsa nasa ne, ƙa'idar zaure ta zaure ce, bai bari ɗaya ta shiga gonar ɗaya ba. Ina yawan kawo wannan misali ga ɗaliban da suke shirin shiga aikin gwamnati.

Ta yaya ya shiga Majalisar Tsarin Mulki alhali shi ba alƙali ba ne?

Dokar Faransa ba ta shardanta zama alƙali ba. Mambobin da ake naɗawa tara ne: shugaban ƙasa ya naɗa uku, shugaban Majalisar Wakilai uku, shugaban Majalisar Dattawa uku. Wa'adi shekara tara ne, ba a sabuntawa, kuma duk shekara uku ake sauya kashi ɗaya cikin uku. Shugaba Georges Pompidou ne ya naɗa Goguel a 1971. Ya yi aiki ƙarƙashin shugabancin Gaston Palewski, sannan Roger Frey daga 1974.

Mutumin da ya shafe shekara 40 a cikin majalisa, kamar yadda aka bayyana a amsoshi biyu na farko, ya san yadda ake ƙera doka tun daga ɗanyenta. Babban ɓangare na aikin Majalisar Tsarin Mulki a lokacin kuwa shi ne duba ƙa'idojin majalisu da sauraron ƙorafin zaɓe, fannoni biyun da ya fi sani.

Me ya sa ake yawan ambaton 1971?

Domin 'yan watanni bayan shigarsa Majalisar Tsarin Mulki aka yanke hukuncin da ya sauya matsayinta. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1958 sun kafa ta ne musamman don ta hana 'yan majalisa shiga hurumin gwamnati. Sai ga wata ƙungiyar masu ra'ayin hagu, wadda marubuciya Simone de Beauvoir take mara wa baya, an hana ta takardar shaidar rajista a Paris. Kotu ta ce hanin ya saɓa doka. Gwamnati, ta hannun ministan cikin gida Raymond Marcellin, ta kawo sabuwar doka da za ta ba hukuma damar tsayar da rajistar ƙungiya kafin ta fara aiki. Alain Poher, tsohon maigidan Goguel, shi ya kai ƙara gaban Majalisar Tsarin Mulki.

Ranar 16 ga Yuli 1971 majalisar ta soke wannan sashe. Hujjarta ita ce gabatarwar tsarin mulki ma doka ce mai ɗaure gwamnati, kuma 'yancin kafa ƙungiya, wanda dokar 1901 ta tabbatar, yana cikin manyan ginshiƙan Jamhuriya. Daga ranar aka fara kallonta a matsayin mai kare haƙƙin ɗan ƙasa.

Akwai wani abu kuma da ya faru a wa'adinsa?

Biyu. A 1974, zamanin Shugaba Valéry Giscard d'Estaing, aka ba wakilai 60 ko sanatoci 60 damar kai doka gaban Majalisar Tsarin Mulki, ƙofar da a da shugabanni huɗu kawai suke da mabuɗinta. 'Yan adawa suka samu wurin kai kuka, aiki ya ƙaru. A Janairun 1975 kuma, kan dokar zubar da ciki ta ministar lafiya Simone Veil, majalisar ta ce ita ba ta da ikon zaɓar manufa irin na 'yan majalisa, kuma ba aikinta ba ne auna doka da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Wato a 1971 ta faɗaɗa hannunta, a 1975 ta shata inda hannun zai tsaya.

Shi ne shugaban Sciences Po?

Shugaban gidauniyarta ne, ba daraktan makarantar ba. Émile Boutmy ya kafa makarantar a 1872 a matsayin mai zaman kanta. A 1945 aka raba ta biyu: cibiyar koyarwa ta gwamnati, da gidauniya mai riƙe kuɗi, gine-gine, ɗakin karatu da bincike. Siegfried ne shugaban gidauniyar na farko, Pierre Renouvin ya biyo, sai Goguel, sai Rémond.

Yana da wata alaƙa da Nijar?

Ta hanyar hukumomin da ya yi wa aiki ne. A Jamhuriya ta Huɗu, wato daga 1946 zuwa 1958, yankunan da Faransa take mulka a Afirka, har da Nijar da Chadi, suna tura wakilai Majalisar Jamhuriya, wato zauren da yake Babban Sakatarensa tun 1954. Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Djibo Bakary da Sawaba suka nemi a ce mata a'a amma "i" ta yi rinjaye a Nijar, a kan tsarin mulkin da ya haifi Majalisar Tsarin Mulki aka yi ta. Kuma kotunan tsarin mulki na ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci sun ɗauki abubuwa daga wannan samfuri, shi ya sa ɗalibin shari'a a Yamai yake haɗuwa da hukuncin 1971 tun shekarunsa na farko.

Za a iya auna siyasarmu da ma'auninsa?

Hanyar aikin tana tafiya ko'ina: sakamako daki-daki, taswira, kwatanta zaɓe da zaɓe, lissafi da masu rajista. Rabon "tsari" da "motsi" kuwa sai da taka-tsantsan. Ɗalibai sukan yi saurin cewa a tsoffin jam'iyyun Arewacin Najeriya NPC tsari ce, NEPU motsi ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki idan ana maganar sarauta da talakawa a Kano ta shekarun 1950. Amma abubuwan da suka raba Faransawa, coci da makarantar gwamnati, sarki da jamhuriya, ba su ne suka raba mu ba. Wanda zai yi wannan aiki a nan sai ya nemo nasa taswirorin da zai ɗora: iyakokin masarautu, ɗariƙu, hanyoyin fatauci, layin dogo, inda ake noman gyaɗa da auduga. Sannan ya fara tabbatar da ingancin alƙaluman kansu kafin ya ɗauki fensir.

Da wane littafi zan fara?

Idan kana jin Faransanci, fara da *La politique en France*, wanda ya rubuta tare da Alfred Grosser aka buga a 1964. Don ɗalibai aka yi shi, harshensa a miƙe yake. Daga nan ka koma littafin 1946, kana riƙe da jerin shugabannin Jamhuriya ta Uku a gefe don kada sunaye su ruɗa ka. Taswirorin 1951 kuwa ba karanta su ake yi a jere ba, buɗewa ake yi a kwatanta shafi da shafi, kamar yadda aka nuna a amsar da ke kan aikin hannu.

Wanda Turanci kaɗai yake ji, akwai *France under the Fourth Republic*, wanda jami'ar Cornell ta buga a 1952. Ƙarami ne, kuma an rubuta shi Jamhuriya ta Huɗu tana da rai, shekara shida kafin ta faɗi, don haka ka karanta shi kana lura da waɗanne raunuka ya hango tun lokacin.